Kukan da Na Haɗiye Ya Fito Min a Fata

Edita, a lokacin da abin nan ya same ni, ni mai gyaran jikin amare ce a birnin Umdurman, kuma ba yabon kai ba, ana ji da ni. Kakanninmu mahajjata ne daga ƙasar Hausa da suka zauna a nan. Sana'ar kuwa a hannun Innata na gaje ta: dilka, wato cuɗa jiki da ƙulli mai ƙamshi, da dukhan, zaman hayaƙin itace a kan rami. A aikinmu fatarki ita ce tallarki. Uwar amarya sai ta ƙare wa hannunki kallo kafin ta miƙa miki 'yarta, nawa kuwa sumul yake.

Sai Inna ta rasu. Ni ce babba, hidimar makoki ta faɗo kaina. Maƙwabtanmu Larabawa suka shigo da kukansu kamar yadda suka saba, amma Gwaggo, yayar mahaifina, ta ja ni gefe ta ce mu gidan malamai ne, ba mu gaji wannan ba, kuma duk ɗigon hawaye ruwan zafi ne ake zuba wa mamaci. To wa zai so ya ƙona uwarsa? Na haɗiye abina. Na dafa shayi, na raba abinci, ana ta yaba dauriyata. Bayan an watse ma, ko sunan Inna aka ambata sai in miƙe in nemi aikin yi.

Ba a daɗe da sadakar arba'in ba ƙaiƙayi ya kama ni a wuya da bayan hannu. In yi ta susa har jini, fata ta bushe tana saɓa. Na ce ni da nake gyara jikin wasu, nawa ne zai gagare ni? Na ƙara zaman dukhan, na dirje wurin da dilka, na sayo mayukan nan da ake aunawa da cokali a kasuwa. Wayyo, ashe ƙara ɓata wurin nake yi! Wata mata ta kawo 'yarta tun daga Jabal Auliya, tana ganin hannuna ta ce za su je su dawo, har yau ban sake ganinsu ba. Magana ta zagaya wai cutata ana ɗauka. Amare suka ɗauke ƙafa, ramin Inna ya yi sanyi, kuma wallahi wannan ya fi min ƙaiƙayin ciwo.

Na rantse sana'ar uwata ba za ta mutu a hannuna ba, na tsallaka asibiti a Hartum. Likitar ta ce ba a ɗauka, ta ba ni magani, ta hana ni hayaƙi. Sai kuma ta tambaye ni me ya faru a gidanmu kafin abin ya fara, ta ce damuwar da aka danne tana tayar da irin wannan ciwo. Raina ya ɓaci, na kawo mata hannu tana tambayar zuciya! Amma maganar ta tsaya min a rai, har na tafi unguwar Mayo wurin Kawu, ƙanen Inna, wanda malami ne. Ya girgiza kai ya ce abin da addini ya hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi, hawaye kuwa rahama ne, shi kansa ya zubar wa yayarsa. Ina komawa gida na buɗe akwatin Inna, na ɗauko tob ɗinta, mayafin da har lokacin yake ƙamshin hayaƙinta, na kifa fuskata a ciki. Na yi kuka har muryata ta dashe.

Ba zan ce na warke a ranar ba. Na yi watanni ina shafa magani, kuma har yanzu in na bar abu yana ci na a rai, ƙaiƙayin yakan leƙo. Amma na fara barci, na iya yi wa Inna addu'a da sunanta, fatata ta soma lafawa.

'Yan'uwana mata, kada wani ya yaudare ku da yabon dauriya. Ku tambayi masu ilimi kafin ku karɓi abin da aka ce addini ne, in fata ta rikice ku je asibiti, ku kuma faɗi abin da ke ranku. Ni dai na daina ɓoyewa. Ranar da na sake hura ramin Inna, amaryar ta ga hawaye a fuskata, ta tambaya ko hayaƙi ne. Na ce mata a'a, uwata nake yi wa kuka, ta miƙo hannu mu ci gaba da aiki.