Ludayin Madi a Gidan Mai Alewa

Jiya a unguwar Badariya jikata ta miƙo mini alewar nan mai danƙo da ake naɗewa a takarda, kowane launi da ɗanɗanon 'ya'yan itacensa. Na sha irinta a Kumasi, na sha a Jidda. A masana'antun Turai aka fara yin ta, amma dabarar ɗaya ce da ta kakata Tumba a Argungu: a dafa zaƙi har ya yi kauri, sannan a ja shi.

Ita da ɗinya take yin tata. Bayan magariba mukan kewaye murhunta, tana juya madi tana ba mu tatsuniya. Ran nan wana ya kai yatsa zai lakata, ta make shi da muciya.

"Kai, mayunwaci! Sama ya huce, ciki wuta na. Zamna ka ji wanda yay yi irin haukanka."

Wai mahara suka faɗa wa wani ƙauye a bakin gulbi, suka karkashe maza, suka cinna wa rumbuna wuta. Ɗayansu ya kutsa gidan wata mai alewa, takobinsa na ɗigar jinin mijinta, ya ɗaure ɗiyarta da igiya a wuyan hannu. Matar ba ta yi kururuwa ba. Ta sauke tukunya, ta yi ta fifita madin har samansa ya yi fata, ta cika ludayi ta miƙa masa.

"Tafiyarku da nisa," in ji ta. "Sha ka samu ƙarfi."

Ko yaro a garinmu ya san sai an ɗiga madi cikin ruwan sanyi kafin a kai shi baki. Shi baƙo ne. Ya taɓa sama, ya ji ba zafi, ya kurɓe duka. Madin ya manne masa a harshe da maƙogwaro, ya ƙi haɗiyuwa, ya ƙi tofuwa. Ihun kiran 'yan'uwansa ma ya gagara. Ya faɗi yana yakushin wuyansa, ta ɗauki taɓarya ta yi ta dukan kansa har ya fashe. Da takobinsa ta yanke igiyar, suka ɓuya cikin ciyawar fadama.

Muka yi ta shewa. Kaka ta ci gaba da juya tukunya.

Bayan rasuwarta, gwaggona da ta yi mata wanka ta ce ta ga tabon igiya a wuyan hannun Kaka, ƙarƙashin warwaronta.

Ina yaro na ɗauka haɗama ake hana mu. Yanzu abin da ya tsaya mini a rai shi ne fifitar nan: uwa a tsugune, gawar mijinta a ƙofa, tana fifita wa wanda ya kashe shi madi. Yarinyar da ta ga wannan da idonta kuwa ta girma ta gaji tukunyar, ta ƙare rayuwarta tana ba yara zaƙi daga cikinta.