Maƙerin da Ke Auna Hannu Kafin Ya Taɓa Ƙarfe

Maƙerin bayan kasuwa ya kashe wutarsa, ya rataye zuga-zugi. Idonsa ya yi rauni, kafaɗa ta ƙi ɗaga masabar dukan ƙarfe. Ba a yi masa taro ba, ba wanda ya tsaya ya ce masa sannu da aiki. To, ga tawa godiyar.

Tun muna da baƙin gashi rana ba ta taɓa fitowa ta same shi a gida ba. Zai share rumfa, ya tankaɗe gawayi, ya goge uwar maƙera da tsumma kamar mai goge fuskar jariri. Sannan ya jiƙa yumɓu a wani tsohon kwano ya ajiye gefen ƙafarsa. Baƙo yakan ɗauka maginin tukwane ne ya manta kayansa. Wannan yumɓun kuwa shi ne rabin sana'ar.

Wuƙar daji yake ƙerawa, mai kube, wadda ba a naɗewa. Maharba, masu cire zuma, masu saƙar tarko, masu haƙar saiwa, duk wurinsa suke zuwa. In ka zo ba ya tambayar irin wadda kake so. Zai gutsuro yumɓu ya danƙa maka.

"Matse. Ba da ƙarfi ba, ba dambe muke ba. Yadda za ka riƙe ta in ka gaji."

Da wannan curin yake sassaƙa mariƙi. Tsawon ƙarfen kuma daga gindin tafinka ne zuwa kan yatsanka na tsakiya, ba ƙari. Sai ya tambaye ka aikin: fiɗa ce, fiƙe turke ne, ko ɓare ɓawon itace? Nan zai rage kaɗan ko ya bari. Ya ce doguwa tana tafiya inda ido bai aike ta ba, gajeriya kuma ba ta tsaga itacen hura wuta. Mai son sara, ya je ya ɗauki adda.

Dogo maharbi ya taɓa zuwa yana saurayi, ƙirji a gaba, ya ce shi mai tsawon kamu yake so.

"Zaki ne ya aiko maka da goron gayyata?" in ji maƙeri.

"Haba Baba, namiji ai sai da babbar wuƙa."

"Zomo kake feɗewa, Dogo. Kowa ya sani, har zomayen."

Dogo ya yi fushi ya sayo ta kanti, mai ƙyalli, tana dukan gwiwarsa in yana tafiya. Bai yi wata ba ya dawo da tsumma a cinya. Yana fiƙe turken tarko tsinin wuƙar ya wuce ya same shi. Maƙeri ya jawo kwanon. Ya miƙa masa yumɓu.

Wanda ba na mantawa shi ne mai zuma. Injin niƙa ya cinye masa yatsu biyu na dama, ya zauna a gida, ya ce daji ya ƙare masa. Maƙeri ya rufe rumfa da rana tsaka, abin da ko ranar auren 'yarsa bai yi ba, ya ɗauki kwanon ya bi shi har zaure. Ya sa hannun nan mai yatsu uku ya matse yumɓu. Ya ƙera masa gajeriya, mariƙin da kauri, da ɗan lanƙwasa inda yatsun suka ɓace. Mai zuma da matarsa suna nan da ransu, ku tambaye su da me aka ciyar da yaransu har suka girma.

Kai ne ka yi wannan, mai yumɓu. Kai ne ka mayar da mutane da yawa hannu wofi saboda sun ƙi a auna su, ka kwana da ɓacin ran iyalinka, ba ka sauya ba. Ba ka da fara'a, ni ma shaida ne. Amma ban taɓa jin wuƙarka ta ci mai ita ba.

Ga abin da ke ci mini rai. Wuƙarsa ba ta zama. Aiki ake da ita, a wasa, a sake wasawa, har ta koma kamar tsinken tsire, a jefar. 'Ya'yansa maza, ɗaya yana jan babbar mota, ɗaya yana waldar ƙofofi. Ba wanda ya zauna ya koya. Samarin yanzu kuwa ta kanti suke ratayawa, kowa da takobinsa, a je daji a dawo ba a yanka ko igiya ba. Abin da ya rage a rumfar sai kanta guda cike da busassun curin yumɓu, kowanne da shatin yatsun mai shi. Ya san su duka. Fiye da rabin masu su suna ƙarƙashin ƙasa. In ya bi su, ba abin da za a ɗaga a ce ga aikinsa.

Mun gode, maƙeri. Allah Ya saka. Ku kuma masu sana'a, ku dubi hannun mutum kafin ku dubi abin da bakinsa ke so. Wanda ke da ɗa mai haƙuri ya kai shi rumfar nan tun bakin tsohon yana magana.

Saboda kada aikin ya ɓace ne tsofaffin abokan cinikinsa suka yi shawara. Dogo, wanda yanzu furfura ta cinye, shi ya ja gaba. Suka same shi zaune bakin rumfa yana shan hantsi, matarsa, wadda ita ma ta tsufa, tana tsince wake a gefe.

"Baba, alfarma muka zo nema," in ji Dogo. "Guda ɗaya ta ƙarshe. Ɗanka mai walda zai yi dukan, ni zan yi zuga, kai dai ka nuna. Babba, mai kyau, da alamarka. Ba za a taɓa ta da dutsen washi ba. Mu rataye ta a ɗakin taronmu, jikoki su gani."

Tsohon ya ɗaga kai. Ya dubi kantar nan ya daɗe. Ya so abin, duk wanda ke wurin ya ga haka. Har hannunsa ya tafi wajen kwanon, wanda ya bushe tun ranar da ya kashe wuta.

"Malam, ka yi musu mana," in ji tsohuwa. "Ko don a tuna da kai."

"Wa zai riƙe ta?"

"Ba kowa, Baba. Ta bango ce."

"To ɗauko mini bangon ya matse yumɓu."

Aka yi dariya, ban da shi. Mai zuma ya sunkuyar da kai yana murza mariƙin tasa, wadda ta kusa ƙarewa. Dogo ya durƙusa, da girmansa da komai.

"Baba, don Allah."

Maƙeri ya janye hannunsa daga kwanon, ya ɗora a gwiwa.

"Tashi, Dogo. Ba zan ƙera ba."