Hujin da Na Toshe a Rumfar Baba

Ko zan manta da ranar da na fara sauka ƙasar Sin, ba na jin zan manta da ranar da wani tsoho ya shaƙe min wuyan riga ya ja ni a ƙasa a gaban mutane, ina magidanci mai 'ya'ya huɗu. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa, ko da yake wanda nake jin haushinsa yanzu ba shi ne wanda na ji haushinsa a ranar ba.

Lokacin ina zaune a Guangzhou, ina haɗa wa 'yan kasuwarmu na Kano kaya ina tura musu. Akwai wani sito kusa da kasuwar Canaan inda muke ɗaure dila, kuma mai gadinsa wani tsoho ne daga can ƙuryar arewacin ƙasar, inda aka ce tafki kan daskare har mota ta bi ta kai. Baba muke ce masa. Shi ya share min lungun da nake salla a cikin siton, kuma ranar da ruwa ya ɓalle ba na nan, shi kaɗai ya janye min dilolina ciki. Sinancina bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, shi kuma ba ya jin kowane yare sai nasa, amma mun saba.

Gidanmu gidan ɗinkin tampol ne. Na tashi da basilla a hannu, muna ɗinka na manyan motoci da na rumfunan biki. Wata rana Baba ya ga ina gyara wani buhu da ya yage, ya daɗe yana kallon hannuna. Washegari sai ga shi da ɓallen kwali da ya yi zane a kai. Na kira wani abokina Alhaji ɗan Kumasi, wanda ya fi shekara goma a garin kuma shi ne tafintan yawancinmu, mai ce wa kowa "Masa", wato maigida, ya zo ya fassara. Ashe Baba zai ajiye aiki ya koma gida, kuma burinsa ya sake kamun kifi a kan ƙanƙara kamar yadda yake yi da ƙuruciya. Wai huda ƙanƙarar ake yi, a kafa 'yar rumfa a kai, a zauna ciki da wuta a zura fatsa. Na kanti ba su yi masa ba, so yake in ɗinka masa.

Da ya zo kan rufin a zanen, sai ya ɗora yatsa a kan wani ɗan da'ira, ya sassauta murya, ya jima yana magana. Alhaji kuwa waya ce a kunnensa, ana rigimar kwantena. Da Baba ya gama na ce, "Alhaji, me ya ce?"

"Masa, ya ce ka yi shi da kyau, sanyi kar ya shiga."

"Duk wannan dogon bayanin?"

"Surutun tsofaffi ne, Bakano. Kai dai ɗinka."

Na gyaɗa wa Baba kai, shi ma ya gyaɗa. Na kuma nuna masa ba zan karɓi ko sisi ba, domin alherinsa ya riga ya biya.

A saman benen da muke haya na yi aikin, kwana goma sha biyu, tsakanin azahar da la'asar. Ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta fi ta cikin firji ba, amma na ɗaura niyyar ba za a ce ɗan gidanmu ya kasa rumfa ba. Da farko bututun roba na sayo don ginshiƙai, Baba ya girgiza kai ya kwatanta min da hannu cewa sanyi zai karya shi, sai muka koma gora. Na yi daɓe da falanki mai naɗewa, da rami biyu na zura fatsa. Na ninka tampol biyu na cusa soso a tsakani. 'Yan uwana 'yan kasuwa kuwa sun samu abin yi. In na shigo wurin cin abinci sai ka ji an ce ga injiniyan da ke gina ɗaki a kan ruwa, wani ya ce in haɗa da likkafani tunda tsohon ya gaji da duniya. Ina haɗiyewa, ina cewa a raina za ku gani.

Da na zo rufi na sake duban da'irar nan. Huji ne kamar bakin kofi, a tsakiyar rufi. A shagon mahaifina, hujin da bai fi tsinin allura ba ranƙwashi yake jawo maka, domin tampol mai yoyo abin kunya ne ga wanda ya ɗinka shi. Ga shi kuma an ce min kar sanyi ya shiga. Sai na yanke cewa tsohon bai san aiki ba ne, ni zan rufa masa asiri. Na rufe rufin ruf, na bi duk layin ɗinki da gam, na ƙara wa ƙofar zif da murfi. Kwana ukun ƙarshe ma hana shi hawowa na yi, wai don in ba shi mamaki.

Ranar nunawa sanyi ya ɗan sauko. Na gayyato Alhaji da masu yi min dariyar su biyar, na aika a kira Baba. Kafin ya iso na ce bari mu gwada. Na ɗauko ɗan kurfotin da ya bar min don in auna wurinsa, na zuba gawayi na hura, na ɗora butar shayi, ni da Alhaji muka shige muka ja zif. Ɗumi ya lulluɓe mu. Ina ta ɗaga murya ina ce wa na waje su nuna min inda iska za ta bi, suna dariya suna cewa mu miƙo shayi. Can na ji kaina ya yi nauyi, na ɗauka gajiya ce. Alhaji mai surutun tsiya ya yi shiru yana hamma.

Ban ji hawowar Baba ba. Bakin wuƙa kawai na gani ya ɓullo ta rufi, ya tsarga tampol ɗin har ƙasa. Kafin in ce wani abu hannu ya damƙi wuyan rigata, aka fizgo ni waje ina jan gwiwa, hulata ta faɗi. Ya koma ya jawo Alhaji, ya shuri kurfotin da ƙafa, yana ta ihu.

Wallahi ban taɓa jin wulaƙanci irin wannan ba. Aikin kwana goma sha biyu, kyauta, a yaga shi kamar tsumma, a kuma ja ni a ƙasa a gaban waɗanda na tara don in rufe musu baki. Na miƙe ina tangaɗi ina zazzaga masa Hausa, na ce masa butulu, na ce ko karen gidansa ne ai ba zai yi masa haka ba. Na juya wajen Alhaji ya fassara, na tarar yana durƙushe yana amai. Ko wannan bai sa na yi tunani ba, na ɗauka shan ƙasa ne ya juya masa ciki. Na tattara basillata na sauka, kuma kwana uku ina wuce Baba a ƙofar sito ko kallonsa ba na yi.

A rana ta huɗu ya zo da 'yarsa, wadda ke aiki a wani shagon tufafi kuma tana jin Turanci. Ita ta gaya min abin da ya faɗa tun ranar farko. Ƙaninsa ne ya taɓa toshe hujin rumfarsa don sanyi ya yi yawa, ya kunna gawayi a ciki. Baba ne ya buɗe ya same shi a zaune, zaren fatsa a hannu, rai ya yi halinsa. Hujin na fitar iskar gawayi ne, wadda ba ta da wari, sai dai ta sa mutum barci. Ta ce mahaifinta bai cika ba da labarin nan ba, amma ya ba ni don kar in yi wasa da wurin, kuma da ya ga na gyaɗa kai sai hankalinsa ya kwanta.

Da mun sha shayinmu lafiya Baba ya naɗe rumfar ya tafi da ita, da da hannuna na ɗinka wa mutumin nan ajalinsa. Na kama hannunsa na riƙe.

Daga nan ofishin Alhaji na zarce, a ginin Tianxiu. Na ce, "Alhaji, mutum ya ba ka labarin mutuwar ɗan uwansa, ka ce min surutu ne?"

Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Masa, ai haka aikin yake. In lawban, wato mai kaya, ya yi doguwar magana, farashi da ranar lodi kawai ake ɗauka. Kuma ai ba mu mutu ba."

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ce har yau ban gama haɗiyewa ba. Ban zage shi ba, don ya girme ni, amma tun daga ranar bai sake tsayawa tsakanina da kowa ba.

Na sake rufin da sabon tampol. Da hannuna na yanka hujin, na kalmashe bakinsa, na ɗora masa 'yar hula don dusar ƙanƙara, na ƙara wani a ƙasa kamar yadda Baba ya nuna. Shi ne karo na farko da na huda tampol da gangan, kuma sai da na sa shi ya duba da idonsa kafin in naɗe.

Da na huce sai na ga nawa laifin bai fi na Alhaji ƙanƙanta ba. Na ji mutum ya yi magana mai tsawo, aka ba ni guntuwa, na ga ba su yi daidai ba, na yi shiru don ina sauri in nuna gwaninta. Garin neman gira na kusa rasa ido. Abin da na koya shi ne, duk iyawarka a sana'a, in ka ga abin da ba ka gane ba a aikin wani, kar ka gyara masa sai ka ji dalilinsa daga bakinsa, ko da za ka tambaya sau goma a ce maka baƙauye.