Malam Mai Sanduna Ya Tafi Bai Ƙirga Ni Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, da mai ƙirga da wanda aka ƙi ƙirgawa. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, ina tsugune na tsoma tiyub ɗin keke a ruwa ina neman inda yake yoyo, 'yata ta zo rumfa da kayan aikinta na asibiti ta ce, "Baba, Malam ya cika." Ban tambayi wane Malam ba. Malamin Turanci ɗaya ne a layinmu, shi ne na laƙaba wa Mai Sanduna. Na ci gaba da riƙe tiyub ɗin a ruwa har kumfa ta daina fita.

Ni ban yi boko ba, gyaran keke na sani. Wannan 'yar tawa ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na ja mata kunne kada ta sassauta ko kalma ɗaya.

Malam, kwana uku na zauna a ƙofar gidanka ina jin masu takalma masu sheƙi suna yabonka. Wani ya ce kai fitila ne, wani ya ce rijiya. Wani ma da Turanci ya yi nasa jimamin, kamar da shi za a yi maka tambayar kabari. Rabinsu ba su leƙa ka ba duk watannin da ƙafafunka suka kumbura. Wurin makoki ba wurin shari'a ba ne. Amma tsakanina da kai akwai magana mai shekara bakwai, kuma ka tafi ka bar ta a buɗe.

Ka tuna ranar da ka zo rumfata da littafi da biro, ka ce in ara maka benci na wata ɗaya. Wai ɗalibanka, manyan mutane masu neman cin jarrabawar Turanci, ana ba su zanen ƙididdiga a ce su yi bayaninsa, kuma duk zanen da ke littattafansu na abubuwan da ba su taɓa gani ba ne. Don haka za ka ƙirga masu wucewa a kan keke a titinmu, maza nawa, mata nawa, masu shekara kaza nawa, ka zana musu nasu. Na ce a raina, wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. Duk da haka na ba ka bencin.

Ba don ni ba da ƙirgar taka ta zama abin dariya. Ba ka iya karanta shekarun mutum ba. Kafinta mai jikoki huɗu ya wuce, ka jefa shi cikin 'yan talatin don ya rina gemu. Ni da na san sirdin kowa a unguwar nan, ni na riƙa gyara maka. Mako biyu kana rubuta wai mata ba sa hawa, sai da na ce, "Malam, wace mace mai hankali za ta biyo titin manyan motoci? Zaga bayan makarantar firamare ka gani." Ka zaga, ka dawo da shafi cike, kana ta godiya kamar na ba ka gona. Ashe kana jin gyara in ka ga dama.

Da wata ya cika ka kawo mini takardar. Sanduna ne a jere, shuɗaye na maza, jajaye na mata. Na yara dogaye, na samari sun fi na kowa, daga nan suna ta gajarcewa kamar haƙoran tsoho. Can ƙarshe ga wani gurbi fari fat, ba shuɗi ba ja. Na ce wannan fa? Ka ce, "Na waɗanda suka haura saba'in ne, Baba Mai Faci. Ban ga ko ɗaya ba."

Na nuna maka kekena, yana jingine da bango taku uku daga inda kake zaune. Ka ce keke a jingine ba hawa ba ne. Ƙarfe takwas kake zuwa ka tarar da ni, ƙarfe huɗu kake tashi ka bar ni, idonka bai taɓa ganina a kai ba. Na ce to buɗe idon. Na hau, na je shataletale na dawo, har da sakin hannu ɗaya. Ka tafa mini, sannan ka ce, "Wanda ya hau don a ƙirga shi ba ya shiga lissafi. Kuma an rufe wata." An rufe wata! Sai ka ce kai ka rataye shi a sama.

Wannan shi ne ilimin da kuke taƙama da shi. Mutum ya yi kwana talatin a gefen tsohon da ya shekara sittin yana murza feda, ya yi alwala da butarsa, sannan ya tashi ya rubuta babu shi.

Ajinka yana saman shagon tela, tagarsa na kallon rumfata. Shekara bakwai ina jin ƙattai da matan aure suna rera sandunanka da Turanci: wannan ya hau, wannan ya sauka, wannan ya ninka wancan. Mai rubutun nan ce ta fassara mini jimlar ƙarshe, har tana dariya: "Waɗanda suka haura saba'in kuwa ba sa hawa ko kaɗan." Allah kaɗai Ya san mutum ɗari nawa suka haddace wannan ƙarya, suka ci jarrabawa da ita, suna can suna yawo da ita a ka.

Bara na faɗo daga kan keke. Sau ɗaya ne, kuma laifin rami ne. Babban ɗana, wanda na goya a bayan keken nan zuwa makarantar da ta koya masa raina ni, ya sayo sarƙa da kwaɗo ya ɗaure shi a ginshiƙin gida. "Baba, ka duba takardar Malam mana. Duk garin nan babu sa'anka da ke hawa." Ka ji? Takardarka ta zama alƙali a gidana. Wata biyu ina jan ƙafa zuwa rumfa, mai gyaran keke a ƙasa, waɗanda na yi wa faci suna wuce ni suna kaɗa mini ƙararrawa.

Amma ba a cin haƙƙin mamaci. 'Yata sau biyu tana faɗuwa jarrabawar nan, ta ce ta haƙura. Kai ka biyo ta har gida ka mayar da ita aji, ka zauna da ita a kan sandunan nan har ta ci. Kowace safiya kana yi mini sallama, ina amsa wajibin kawai ina kau da kai, ba ka taɓa fasawa ba. Taurin kai ne. Na san shi, ina da irinsa.

Sai wata safiya, ciwon ya riga ya kama ka, ka turo kekenka da hannu zuwa rumfa, ka ce yana wata 'yar ƙara. Na kifa shi, na murza feda, na kasa kunne. Lafiyarsa lau, ya ma fi ni da kai lafiya. Na ce babu komai. Ka ce, "Ba ya yi sai an yi nisa da shi. Ka riƙa hawa kana saurare, Baba. In ka gano ka gyara. Kada ka yi gaggawa." Na dube ka, kai kuma kana ta kallon wani wuri. Da ɗana ya gan ni a kai ya buɗe baki, na ce masa aiki nake yi, keken Malam nake gwadawa, ko sana'ar tawa ma za ka sa wa kwaɗo? Wata takwas ke nan ina hawansa.

Kada ka ɗauka wannan ya wanke ka. Da na je duba ka na jingine keken a tagar ɗakinka na ce, "To, yanzu ka gan ni a kai, kuma ba don ƙirga na hau ba. Gyara takarda." Kana kwance, numfashi da ƙyar, ka ce, "An rufe wata, Baba." Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Mutum ya ba ka keke sukutum, ya hana ka ɗigon tawada!

A rana ta uku ta zaman makoki, ƙanenka, shugaban masu takalma masu sheƙi, ya fara tambayar ina keken marigayi. Na san in an karɓe shi na sauka ke nan har abada. Sai matarka ta yi magana daga bayan labule: "A bar shi inda yake. Malam ya ce ba a gama gyara ba, kada a karɓa sai mai gyara ya ce ya gama."

Jiya na hau benen tela, karo na farko a rayuwata. Takardar na nan a bango, ta dafe don tsufa. Sabon malamin da aka kawo, wani mai tabarau, ya ce, "Baba, lafiya?" Babban yatsana da baƙin mai a jiki, na dangwala shi a farin gurbin nan, kamar yadda nake sa hannu a kowane ofis. Sannan na juya na ce masa, "Ɗaya. Koya musu wannan da Turanci."

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sauƙaƙa masa tambaya. Ranar da za a ƙirga ayyukansa, kada a bar masa gurbi ko ɗaya fari, har da alherin da ya yi yana kallon wani wuri. Maganar takarda kuwa, tunda na gyara da hannuna, na yafe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa da 'ya'yansa da ɗalibansa, har da ƙanen nasa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Keken Malam yana wurina. Har yanzu ban gano ƙarar ba. Kada a aiko kowa.