Ranar da Yaya Rifkatu ta faɗi sunan ɗanta

Shekara tara ke nan da muka binne yayata Rifkatu, amma har yau in na ji an ce "buƙata ta musamman" a majami'a, ita ce ke faɗo mini a rai.

Wanda bai san zumuntar mata ba sai an yi masa bayani. Idan aka zo karɓar roƙon addu'a, mai ciwo ta faɗi ciwonta, mai tafiya ta faɗi tafiyarta. Wadda abin kunya ya sama kuwa sai ta sunkuyar da kai ta ce tana da buƙata ta musamman, Ubangiji ya san ta. Mu ce amin, ta koma gida da kayanta a ka. Haka muka taso muka tarar. Ba mu da yawa a Sakkwato, kowa ya san gidan kowa, ba mai son a ji kansa.

Yaya ce ta karya wannan al'ada. Ɗanta Ishaku ya faɗa shaye-shaye, har ana tsinto shi a bakin kwata a layinsu na Gidan Dahala. Wata Alhamis ta miƙe cikin zanenta na zumunta ta ce, "Ɗana Ishaku na shan ƙwaya. Na gaji. Ku taya ni kai shi gaban Yesu da sunanshi."

Ni da ke gefenta na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A hanya na rufe ta da faɗa, ta dube ni ta ce, "Ladi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda nike bi bai guje ma gicciye ba, ni mi zan guje ma?"

An yi gulma, wasu ma sun janye 'ya'yansu daga gidanta. Amma an samu masu zuwa. Mata suka riƙa karɓa-karɓa wajen zama da ita, mijin wata ya yi ta jigilar yaron zuwa asibiti, Hajiyar da ke maƙwabtaka da ita kuma ba ta fasa miƙo kunu ta katanga ba. Ba mu ga abin al'ajabi ba. Ishaku ya tashi ya faɗi, ya sake tashi ya sake faɗi, Yaya ta rasu ba ta ga ƙarshen abin ba. Wannan na ci mini rai har gobe.

Yanzu roƙon addu'armu ya koma waya. Mace ta rubuta tana da buƙata, a jero mata hotunan hannuwan addu'a, shi ke nan an gama. Da Yaya na nan, na san tsaki za ta ja ta ɗauki mayafi ta tafi gidan matar.

Gidana za ta fara zuwa. Wanzami ba ya son jarfa: ni mai yi wa mata nasiha, tun bara nake tsintar kwalaben maganin tari a ɗakin autana Dauda. Nakan zubar, in wanke hannu, in rubuta "buƙata ta musamman". Na gaji da ƙaryar cewa zazzaɓi ne ke sa shi barcin rana. Tsoro nake ji, kuma na gaji da tsoron.

Makon jiya Ishaku ya zo gaishe ni. Yanzu gyaran babura yake yi a Ƙofar Kware, 'yarsa ta fari sunanta Rifkatu. Ya dubi Dauda sau ɗaya, ya bari ya fita, sannan ya ce, "Inna, idanun ga na san su. Ni da ba a faɗi sunana ba, da yanzu babu ni."

Yaya ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. Ta bar mutum a tsaye da ƙafafunsa, ta bar mini zanen zumunta da ya koɗe. Alhamis mai zuwa shi zan ɗaura. Zan miƙe a taron zumunta, in faɗa da bakina. Sunan ɗana Dauda.