Rumbun Mutari a Gonar Aro

Mutari magini ne, amma bai taɓa gina ɗakin kwana ba. Rumbu yake ginawa, irin na Adar, mai ƙaton ciki kamar tulu, wanda sai da tsani ake kai bakinsa. A ƙauyensu, gabas da Tawa, duk rumbun da ya tsaya kyam aikin hannunsa ne. Sai ruwa ya ƙi shekara biyar, ba wanda ya sake kiransa.

Ya iso Yamai a bayan kamiyo, babbar motar kaya, 'yan watanni bayan soja sun karɓi mulki, shi da matarsa Zinariya da 'ya'ya uku. Inda ake kira Banifandu yanzu, lokacin gonakin Zabarmawa ne da sabara. Wani tsoho, Yakuba, ya ara wa gida tara na 'yan gudun yunwa gefen gonarsa, suka kafa bukkokin zana. Ruwa sai Zinariya ta yi tafiyar awa guda zuwa pampo. Zazzaɓi ya ɗauke musu auta a daminar farko. Mutari ya koma dako a kasuwa. In soja sun zo rabon jar dawa, ya wuni a rana, a auno masa tiya biyu ba tare da an dubi fuskarsa ba.

Abin da ya fi ci masa rai, dawar a buhu take kwana ƙarƙashin gado, gara na cinta. A garinsu, magidancin da ke ajiye hatsi ƙarƙashin gado ba a sauraronsa a taro. Sai ya fara jido laka daga kududdufi, yana kwaɓawa da ciyawa, yana ɗora zoben laka ɗaya kullum bayan ya taso daga kasuwa. Rumbu ya kai kafaɗarsa ranar da Yakuba ya zo duba gona.

"Ba'adare, wa ya sayar maka da gonata?"

"Baba, rumbu ne fa. Ba mai kwana ciki."

"Zana na ce. Ƙasar aro ba a ɗora mata laka. Gobe jikanka ya ce kakansa ya yi gini, wurin nasu ne. In na tarar da shi tsaye ran Jumma'a, duk gida taran ku kwashe."

Mutari ya san ba a gina ɗaki ko dasa itace a gonar aro. Bai taɓa zaton rumbu na cikin dokar ba.

Maƙwabta suka taru kansa. Isa, wanda suka zo a kamiyo ɗaya, ya ce, "Tiya biyu kake gina wa bene, Malam Mutari? Ka sa a kore mu a kan gidan ɓera?"

"Rumbun ubanka ni na gina shi," in ji Mutari. "Ranar nan ba ka kira shi gidan ɓera ba."

Zinariya ba ta ɗaga murya ba. "Maigida, na gaji da ɗaukar tabarma a ka. In an kore mu, kai kaɗai za ka tafi."

Ran Alhamis da hantsi ya ɗauki taɓarya. Maza suka matso su taya shi, ya nuna su da ita har suka ja baya. Shi kaɗai ya fasa, zobe bayan zobe, ya daka lakar ta koma gari don kada wani ya yi murhu da ita.

Gida taran suka zauna, unguwa ta tashi kewaye da su. Mutari ya tsufa yana dako. Shekara ashirin suna sallah sahu ɗaya da Isa, bai sake miƙa masa hannu ba.