Mitar da ke Cikin Kwamfutar Madam

Ni ba na son jira. Ko a layin famfo ne, in na ga mutum biyar a gabana sai in ɗauki bokitina in koma gida. Da wannan halin na shiga ajin koyon rubuta manhajar kwamfuta a Narayi, bayan na yi shekara biyu ina tsaron shagon kayan masarufi na yayar mamata a Sabon Tasha.

Ajin ɗaki ɗaya ne a saman bene, fanka ɗaya, tebur uku. Matar da ke koya mana Madam muke ce mata. Ban da koyarwa, tana rubuta wa ƙananan asibitocin ƙauye manhaja, irin waɗanda kwamfutarsu ta dogara da batirin sola. A can in batir ya mutu da azahar, shi ke nan, sai a koma biro da takarda. Shi ya sa ita bai ishe ta a ce aiki yana gudu ba, sai ta ji wuta nawa yake sha.

Da muka kusa gamawa ta ce mutum ɗaya za ta riƙe ya ci gaba da aiki da ita. Na ƙwallafa rai. In ban samu ba na san inda zan koma, bayan kanta, ina auna wa mutane gari da sukari.

A cikin manhajarta akwai ɗan guntun da ke nemo katin mara lafiya in an buga sunansa. Nata ya fi layi ashirin. Na taɓa cika baki cewa da layi shida zan rubuta shi, kuma na rubuta. Ta ce to, jarabawata ke nan: in auna nata, in auna nawa, in gaya mata wanda ya fi shan wuta kafin Juma'a.

Ashe a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta akwai wani ma'auni da ke ƙirga wutar da take sha. Ka karanta lambar, ka saki guntun ya yi aikinsa, ka sake karantawa, ka cire ta farko daga ta biyu. Na ce wannan ai aikin minti biyu ne. Na gwada nawa sau ɗaya, ya ba ni sifili.

"Madam, nawa ba ya shan wuta ko kaɗan!"

Tsohon da ke zama kusa da ni ya ƙyalƙyale da dariya. Baba muke kiransa. Ya daɗe yana zagaya gidaje a Makera da Nasarawa yana karanta mitar lantarki, da ya yi ritaya ya zo koyon kwamfuta, da yatsa ɗaya yake buga rubutu.

"'Yata, a ce na karanta mitar gidanku, kika kunna ƙwan lantarki kika kashe nan take, na sake karantawa. Me zan gani?"

"Ba komai."

"To ƙwan naku da ruwan famfo yake aiki?"

"Baba, ka gama rubuta sunanka tukuna. Tun safe kake kai."

"Zan gama. Sunan ba guduwa zai yi ba."

Madam ta ce gaskiyarsa. Ma'aunin ba kullum yake motsi ba, jefi-jefi yake ƙara lamba, kuma guntuna yana gama aiki kafin ya motsa. Sai in sa ya maimaita sau dubu goma a jere in raba. Sannan in rufe waƙar da nake ji, in auna abin da kwamfutar ke sha tana zaune kawai, in cire shi ma.

Ranar Laraba na auna nata da safe, na auna nawa bayan azahar. Nawa ya fito ƙasa da nata nesa ba kusa ba. Na rubuta lambobin da manyan baƙi, na tura wa Baba takardar ya gani. Madam ta fita, mu biyu ne kawai.

Ya duba, ya ɗaga kai ya kalli sama.

"Da kika auna nata, fankar nan tana juyawa. Da kika auna naki, ga ni nan ina fifita da littafi."

An ɗauke wuta a tsakani ban ma lura ba. Kuma Madam ta taɓa gaya mana cewa kwamfutar cinya in ta koma kan batir rage wa kanta ƙarfi take yi. Ke nan ba a ma'auni ɗaya na ɗora su ba. Na ji haushinsa, na ji haushin masu wuta. Takardar ta yi kyau, kuma na san Baba ba zai faɗa wa kowa ba. Na daɗe ina kallonta, sannan na ja mata layi.

Ranar Alhamis na cika batir, na zare wayar caji tun farko don kada masu wuta su sake sa min hannu a aiki. Nata, nawa, nata, nawa, ina rubutawa. Duk lokacin da guntun yake gudu dole in naɗe hannu, don ko linzamin kwamfutar na taɓa lambar na iya canzawa. Ban taɓa zama shiru haka ba. Ina jin keke na wucewa a ƙasa, mai gasa masara tana ciniki, Baba yana ƙwas, ƙwas da yatsarsa. Wajen zagaye na biyar na daina duba agogo.

Kowane zagaye nawa ne ya fi sha. Da na zauna na bi shi a hankali na ga dalili. Nawa yana bin sunaye ɗaya bayan ɗaya tun daga sama, nata kuwa raba jerin yake yi biyu, ya yar da rabi, ya sake rabawa. Gajartar rubutun ce ta ruɗe ni.

Ranar Juma'a na ajiye mata takardun a tebur.

"Naki ya fi. Nawa shan wuta gare shi."

Ta karanta har ƙarshe, ta juyo shafin Laraba.

"Wannan da kika soke fa?"

"An ɗauke wuta a tsakiya."

Ta gyaɗa kai, ta sa takardun a jakarta.

"Litinin ƙarfe takwas. Akwai guntaye goma sha ɗaya da ban auna ba."

"Duka, Madam?"

"Duka. Ki taho da abincinki."